Yadda Ake Kafa Sashen Littattafan Yara na Fassara a Laburaren Makaranta a Jos

A makarantun firamare da yawa a cikin garin Jos, abin da ake kira laburare bai wuce kabad ɗaya ko biyu ba, galibi a ofishin hedimasta, makulli kuma yana aljihunsa. In aka buɗe, tsofaffin littattafan darasi za a tarar, sai kwalayen littattafan Turanci da aka kawo gudummawa, waɗanda ɗan aji uku ba ya iya wuce shafin farko a cikinsu. Da wuya a samu labari mai daɗi daga wata ƙasa wanda aka mayar da shi harshen da yaron yake wasa da shi a ƙofar gida. Wannan bayani na malamin da yake son ya cike wannan giɓi ne, da ƙaramin kuɗi, cikin zangon karatu ɗaya.

A 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da muradun ci gaba mai ɗorewa guda 17. Ƙuduri na 4.7 a cikinsu ya nemi kafin 2030 kowane ɗalibi ya samu ilimin zaman lafiya, da haƙƙin ɗan Adam, da mutunta bambancin al'adu, ya kuma san cewa shi ɗan duniya ne kamar yadda yake ɗan garinsu. Mu a Jos mun fi kowa sanin amfanin wannan. Tun rikicin 2001, da na 2008 da 2010, unguwanni suka rabu, har yaro zai iya gama firamare a Anguwan Rogo ko a Kabong bai taɓa zama benci ɗaya da wanda addininsu ya bambanta ba. In ka tsaya gaban irin wannan yaro kana yi masa wa'azi a kan maƙwabcinsa, da abin da ya ji a gida zai saurare ka. Amma yarinyar da take kiwo a duwatsun Peru, ba wanda ya taɓa gaya masa komai a kanta. Zai shiga labarinta da zuciya ɗaya, ya ji tsoro in ta ɓata, ya yi murna in ta dawo gida. Yaron da ya saba damuwa da baƙon da ke nesa, ya fi saurin sakin jiki da na tsallaken titi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a kan wannan tunani ne wata marubuciya 'yar asalin Jamus mai suna Jella Lepman ta roƙi ƙasashe su aiko wa yaran Jamus littattafai, ta baje su a birnin Munich a 1946, ta kuma buɗe laburaren yara na ƙasa da ƙasa a can a 1949, wanda yana aiki har yau.

Ku fara da mutane

Kafin a sauko da littafi ko ɗaya, a je wurin shugaban makaranta. Kada a fara da maganar kuɗi. A ce masa, "Ranka ya daɗe, kanta ɗaya nake roƙo, da darasi ɗaya a mako a cikin jadawali." Darasin nan ya fi kantar muhimmanci, domin littafin da ba shi da lokaci a jadawali ƙura zai sha.

Daga nan a haɗa ɗan ƙaramin kwamiti: malamai biyu, iyaye biyu daga ƙungiyar iyaye da malamai ko kwamitin kula da makaranta, da mutum ɗaya wanda ya iya rubuta Hausa bisa ƙa'ida. A makarantar da ke da Musulmi da Kirista, lallai ne kowane ɓangare ya samu wakili. Inda kuwa ɗalibai duk addini ɗaya suke, ina ba da shawara a gayyato malami ɗaya daga wata makaranta ya riƙa duba littattafan tare da ku, zai ga abin da idonku ya saba da shi har ba ya gani. Ƙa'idar kwamitin ɗaya ce: ba littafin da zai hau kanta sai mutum biyu sun karanta shi daga bango zuwa bango, sun kalli hotunansa ɗaya bayan ɗaya. Ranar da wani uba zai zo da ƙorafi, wannan ƙa'ida ce za ta tsaya muku.

Akwai magana ɗaya da ya kamata a yi a fili tun a zaman farko. Hausa ce harshen kasuwa da coci da masallaci a yawancin Filato, shi ya sa ta dace da wannan aiki, amma iyaye Berom, Ngas, Tarok, Mwaghavul, Afizere da Fulani da yawa suna jin zafin yadda 'ya'yansu suke tasowa ba su iya harshen kakanninsu ba. Damuwarsu gaskiya ce. A gaya musu ƙofa a buɗe take: duk wanda ya iya rubuta harshensa, za a ba shi littafin ya fassara, a buga, a ajiye kusa da na Hausa.

Abin da muka gada

Fassara ba baƙuwa ba ce a adabinmu. A 1929 aka kafa Hukumar Fassara, wadda daga baya ta zama Hukumar Talifi a Zariya. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, ya ɗebo labarai daga Larabawa, Indiya da Turai, haka kuma Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa asalinsa labarin wani jarumin Rasha ne. A sayi kwafinsu na gaskiya a shagon littattafai, a sa su a kantar don 'yan aji biyar da shida.

Sai dai a lura da hanyar da magabatan nan suka bi. Sun ɗauko labarin waje sun sa masa riga da hula, har mai karatu ya rantse a ƙasar Hausa abin ya faru. Sun yi haka ne don su jawo mutane ga karatun boko da Hausa, kuma sun ci nasara. Buƙatarmu ta yau dabam ce. Muna son yaro ya san cewa labarin nan na wasu mutane ne, a wata ƙasa, masu wani suna da wani abinci, kuma duk da haka ya ji su a ransa. Saboda haka mu ba za mu ɓoye baƙuncin labari ba. Duk matakan da ke tafe a kan wannan suka tsaya.

Inda ake samo littattafai, da abin da doka ta ce

Ba kowane littafi ne ya halatta ka fassara ka buga ba. A ƙarƙashin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, littafi yana hannun marubucinsa da magadansa har shekara 70 bayan rasuwarsa, fassara kuma tana cikin abubuwan da sai da izininsu. Tatsuniyoyin Hans Christian Andersen, marubucin ƙasar Denmark wanda ya rasu a 1875, sun daɗe da fita daga wannan kariya, amma sabon bugu da ke hannunka yana iya ɗauke da zane da fassarar Turanci na mutanen da suke raye, su ma kuma da haƙƙinsu. Makarantar da take koyar da mutunta mutane bai kamata ta fara da cin haƙƙin mai zane ba.

Sauƙin da aka samu shi ne akwai rumbunan littattafan yara a intanet da aka buɗe musamman don a fassara. African Storybook na wata cibiyar ilimi ce a Afirka ta Kudu, kuma yana da labarai da Hausa tuni. StoryWeaver na kamfanin Pratham Books ne a Indiya, an buɗe shi a 2015. Akwai Book Dash, shi ma daga Afirka ta Kudu, da Let's Read mai tara labaran ƙasashen Asiya, da Global Digital Library, da Bloom Library na ƙungiyar SIL. Manhajar Bloom kyauta ce, tana aiki a kwamfuta ko babu data, tana kuma jera shafuka yadda za a buga a naɗe.

A shafin ƙarshe ko na farko na kowane littafi akwai alamar lasisi, a karanta ta. In an rubuta CC BY, an yarda a fassara, a buga, a rarraba, muddin an ambaci marubuci da mai zane da inda aka samo. In akwai NC a ciki, ba a sayarwa don riba. In akwai SA, fassararku ma sai ku sake ta da irin wannan lasisi. In kuka ga ND, ku bar littafin, domin ba a yarda a rarraba shi da wani canji ba, fassara kuwa canji ce. Ranar da aka samu data mai kyau a sauko da littattafai kamar 40 a filash, don kwamiti ya samu abin zaɓa.

Zaɓe

Littattafai 12 zuwa 15 sun isa zangon farko. Gara kaɗan masu kyau, kowanne da kwafi da yawa, da tarin da ba wanda ya tace.

Hanyar da na fi so ita ce a nemo ƙasashen da wani abu ya haɗa su da Filato. Dankalin Turawan da ake nomawa a Bokkos da Mangu asalinsa daga duwatsun Andes ne, wajen Peru da Bolibiya. Bolibiya da Maleshiya sun yi suna da haƙar kuza kamar yadda Jos ta yi, yaran can ma sun san ramukan da haƙa ta bari. A Habasha akwai wani hatsi mai ƙananan ƙwayoyi irin na acca wanda suke yin gurasarsu da shi, ga kuma sanyin tudu irin namu. A Mongoliya makiyaya suna tashi da dabbobinsu suna bin ciyawa, abin da ɗan Bafulatani da ke ajinku zai gane tun daga hoton bango. Irin wannan zaren yana ba yaro wurin dafawa kafin ya shiga abin da bai sani ba.

Bayan haka a duba tarin gaba ɗaya. Kada duk labaran su fito daga Ingila da Amurka, kada kuma duk su zama na Afirka. A samu jarumai mata da maza, na birni da na ƙauye, da aƙalla labari ɗaya na yaro mai naƙasa wanda shi ne yake jan labarin, ba tausayinsa ake nema ba. A guji tarin da zai nuna wa yara cewa wata nahiya duk yunwa ce, wata kuma duk daula. Yawancin littattafan su zama na rayuwar yau da kullum, wato faɗa da ƙane, ɓatan akuya, ranar farko a makaranta, zuwa gidan kaka. A bar labaran yaƙi da gudun hijira zuwa aji shida, su ma sai malami ya san ajinsa, domin a garin nan akwai yaran da abin ya taɓa gidajensu.

Za a ci karo da abubuwan da suka saɓa wa al'adarmu: kare a kan gado, naman alade a faranti, tufafin wanka a bakin teku, bukukuwan wani addini. Kwamiti ne zai yanke hukunci a kan kowane littafi. Ra'ayina dai shi ne, in littafi bai dace ba a ajiye shi gaba ɗaya, akwai ɗaruruwa a madadinsa. Kada a goge hoto ko a canza abin da mutanen suke ci a ɓoye, sannan a ce wa yara ga yadda ake rayuwa a ƙasa kaza. Sanin cewa wasu suna bikin fitilu a Indiya ba ya rage wa yaro imani, kamar yadda sanin ranar Sallah ko Kirsimeti ta maƙwabci ba ta rage masa.

A kula da matakin karatu. African Storybook ya kasa littattafansa mataki biyar, daga masu kalmomi kaɗan a shafi zuwa masu dogayen sakin layi. A ɗauki mafi yawa daga matakai na ƙasa, ko da 'yan aji biyar ake nufi, domin yara da yawa sun iya jin Hausa sarai amma ba su saba karanta ta ba.

Fassarar kanta

A nan aikin yake. Mai fassara ya fara karanta littafin duka sau biyu, ya rufe shi, ya ba wani labarin da baki da Hausa. Abin da ya fito daga bakinsa a lokacin nan shi ne muryar da zai bi in ya zauna rubutu. Wanda ya fara da jimla ta farko yana bin kalma bayan kalma, Turanci zai rubuta da haruffan Hausa.

Sunaye su zauna yadda suke. In sunan yarinyar Meera ne, kada ta koma Mairo. A rubuta shi yadda yaro zai iya furtawa, a bar shi. Abinci ma haka: a bar sunansa na asali, a ƙara 'yar kalma ɗaya ko biyu da za ta haska shi a cikin jimla, kamar a ce "ta gutsuri injera, gurasarsu mai tsami-tsami". Hoto zai ƙarasa sauran bayanin. Kada a cika ƙasan shafi da sharhi.

Dangantaka tana buƙatar natsuwa. Turanci yana da kalma ɗaya ga ɗan'uwan uwa da ɗan'uwan uba, mu kuwa sai mun zaɓa tsakanin kawu da baffa, tsakanin inna da gwaggo, tsakanin yaya da ƙane. A bi labarin da hotuna a gano wane ne, in ba a gano ba a zaɓi ɗaya a tsaya a kansa har ƙarshe. Haka dabbobi: Hausa ba ta barin zomo ko kunkuru ba jinsi, sai an ce "ya" ko "ta". A kula kuma da yadda yaro yake yi wa babba magana. In yaron cikin labarin yana kiran malaminsa da suna tsirara domin haka al'adarsu take, ana iya barin haka, sai a tattauna da ɗalibai. In kuwa a harshen asali akwai girmamawa wadda Turanci ya shafe, kamar yadda yake faruwa da labaran Indiya da Japan, a dawo da ita da namu kalmomin ladabi.

Inda Hausa take da ƙarfi a sake mata mara. Kada a ce ruwan yana da sanyi sosai in ana iya cewa sanyi ƙarara, a ce ya faɗa ruwa tsundum, gari ya yi tsit, dusar ƙanƙara ta rufe gari fari fat. Yaran Jos sun san ƙanƙarar da take faɗowa da ruwan sama tana buga kwano, daga nan malami zai ja su zuwa wadda take sauka a hankali ta kwanta a ƙasa. In akwai waƙa ko amshi da ake maimaitawa, a nemi wanda zai hau bakin yara su riƙa amsawa, ko da an ɗan kauce wa kalmomin asali.

Hausar Jos tana da nata ɗanɗano, wasu kuma ba su damu da bambanta namiji da mace a magana ba. A rubuce dai a bi daidaitacciyar Hausa, domin littafin zai iya kaiwa Kano ko Damagaram, amma in kalma biyu suna da ma'ana ɗaya a ɗauki wadda yaran unguwarku suka sani. Haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, wajibi ne. Mai koyon karatu ba shi da yadda zai bambanta ƙasa da kasa in ba a sa ƙugiyar ba. Cikin manhajojin buga haruffa, Gboard a waya yana da Hausa, Keyman yana yi a kwamfuta, salon haruffan Andika kuma kyauta ne, an tsara shi don masu koyon karatu, yana ɗauke da haruffanmu duka. Fassarar na'ura tana iya taimaka wa mutum ya gane ma'anar wata kalma, amma kada a miƙa wa yara abin da ta fitar ba tare da an sake rubuta shi da hannu ba.

A shafin ƙarshe a rubuta sunan marubuci, mai zane, ƙasar da labarin ya fito, lasisi, da sunan mai fassara. In an san harshen da aka fara rubuta labarin da shi, a faɗa.

Gwaji kafin bugu

A buga kwafi ɗaya tak. A tara yara biyar ko shida a ƙarƙashin bishiya, a ba ɗaya ya karanta da ƙarfi, mai fassara ya zauna gefe da fensir bai ce komai ba. Duk inda yaron ya yi tuntuɓe a sa alama. Duk inda ya karanta wata kalma dabam da wadda aka rubuta, a duba da kyau, sau da yawa tasa ta fi. In an gama a rufe littafin a ce wata ta maimaita labarin. Wurin da ta tsallake ko ta juya, can ne fassarar ba ta fita ba.

Bugu da ɗinki

Takardar A4 ɗaya in aka buga gaba da baya aka naɗe biyu tana ba da shafi huɗu, don haka yawan shafuka ya zama wanda huɗu za ta raba. Littafi mai shafi 24 takarda shida yake ci, rim ɗaya mai takarda 500 kuwa zai ba da kwafi 80 da 'yan kai. Da wannan lissafi za a je wa ƙungiyar iyaye, a ɗora farashin rim da na bugu na ranar. A shagon buga takardu a nemi a fitar da shi a tsarin ɗan littafi, a kuma tsaya a duba kwafin farko da ido kafin a ci gaba, domin kwamfutar da ba ta da salon haruffan tana mayar da ƙ da ɗ akwatuna. In aka kai aikin a PDF an tsira daga wannan.

In kuɗi bai kai ba, a buga kwafi ɗaya mai launi na malami, sauran baƙi da fari. Bango ya zama na kwali mai kauri, a rufe shi da leda. Ɗinki da basilla da zare mai ƙwari, huda uku a tsakiya, ya fi ƙarfen maƙala takarda daɗewa, domin ƙarfen yana tsatsa da damina ya ci takardar. 'Yan aji shida suna iya wannan ɗinki in an nuna musu sau ɗaya. Kwafi 10 na kowane littafi ya isa aji ya karanta uku-uku ko huɗu-huɗu.

Kanta

Kantar ta kasance inda hannun yaro zai kai, ba a ofis ba. A ɗaga ta daga ƙasa, a janye ta kaɗan daga bango saboda gara da danshin daminar Jos mai tsawo. A jera littattafai bangonsu yana kallon mai shigowa. A manna taswirar duniya a sama, a kafa ƙusa a kan Jos, duk littafin da aka karanta a ja zare daga nan zuwa ƙasarsa. A naɗa monita biyu su riƙe rajistar aro, a bar yara su kai littafi gida daga Juma'a zuwa Litinin. Wasu za su yage, wasu za su ɓata. Tunda fayil ɗin yana hannu, sake bugawa ba wuya, don haka kada a hana aro saboda tsoron asara, kada kuma a doki yaro a kan littafin labari.

Darasin mako

A fara da bango. A ɗaga shi a tambaya, "Ina kuke jin nan ne? Me kuka gani?" A nuna ƙasar a taswira, sannan a karanta da murya mai rai, ana juya hoton ga aji. A ce labarin daga Japan ne, an kai shafin da yaron ya tsaya a bakin ƙofa yana cire takalmi. Wata za ta ɗaga hannu ta ce, "Anti, su ma suna cire takalmi kamar mu!" A tsaya a nan, a bar su su yi magana. Wani shafin kuma za a ji wani daga baya ya ce, "Malam, kare a cikin ɗaki?" aji ya ɗauki dariya. Kada a tsawata, kada kuma a taya su. A ce, "Haka suke yi a can. Me kuke jin zai ba su mamaki in suka zo gidanku?" Za ku ji amsoshi: cin tuwo a kwano ɗaya, durƙusawa a gaida manya, kwana da kaji a tsakar gida. Ranar da yaro ya gane cewa shi ma abin mamaki ne a idon wani, darasin ya kai inda ake so.

Kada a rufe da tambayar wane darasi muka koya, kada kuma a yi jarrabawa a kai. A bar su su zana, ko su yi wasan kwaikwayon wani shafi, ko su je gida su tambayi kaka in akwai tatsuniya mai kama da wannan. Ranar 21 ga Fabrairu, ranar harshen uwa ta duniya, ta dace a gayyato iyaye yara su karanta musu. Ranar littattafan yara ta 2 ga Afrilu da ranar littafi ta 23 ga Afrilu sukan faɗo kusa da hutu, sai a duba kalandar makaranta tun da wuri.

Akwatin musaya, da mayar da alheri

In zango ya yi nisa, a nemi wata makaranta a unguwar da ɗalibanku ba sa zuwa, a yi yarjejeniya da shugabanta. Kowace makaranta ta fassara nata littattafai dabam, a zuba kwafi a akwatin ƙarfe, malamai su haɗu su yi musaya sau ɗaya a wata. A cikin bangon baya na kowane littafi a manna farar takarda inda mai karatu zai rubuta ajinsa da wurin da ya fi so a labarin, ba tare da cikakken suna ba. Yaron Gangare zai buɗe littafi ya tarar wani ɗan aji huɗu a Tudun Wada ya yi dariya a shafin da shi ma ya yi. In amana ta ƙullu tsakanin malamai da iyaye, daga baya ana iya shirya karatu na haɗin gwiwa a wurin da kowa ya yarda da shi, kamar gidan tarihi na Jos.

Fassarar da kuka gama kuma kada ta tsaya a filash. A ɗora ta a rumbun da aka samo littafin, malami a Maraɗi ko a zangon Kumasi zai iya saukewa ya buga. Sannan a juya aikin: a zaɓi tatsuniya ɗaya da yara suka kawo daga gida, ta Gizo ce ko ta Berom ko ta Fulani, a nemi izinin wanda ya ba da ita, yara su yi zanen, malamin Turanci ya fassara, a ɗora ta da lasisin CC BY don wasu su mayar da ita harsunansu. Kada a sa hoton yaro ko cikakken sunansa sai da rubutaccen izinin iyayensa. A makon ƙarshe na zango a buɗe rajistar aro a ga littattafan da aka fi ɗauka, a sake buga waɗanda suka yage, a kuma ba kwamiti jerin ƙasashen da zare bai kai ba tukuna don zaɓen zango mai zuwa.